Wanda Ba a Kira

Shekarar da fari ya koro mutanen arewa zuwa Yamai, uwar mijina ta iso gidanmu da ƙunshi ɗaya a ka da tari a ƙirji. Sunanta Tabawa, amma Inna muke ce mata. Daga wani ƙauye ta fito can bayan Dakoro. Shanu sun mutu, rijiya ta ja baya, mijinta kuma ya kwanta dama kafin kaka ta zagayo. Wani maƙwabcinsu, Abdulaye, shi ya rako ta har ƙofar gidanmu a Lazaret, sannan ya wuce gefen unguwa inda sauran 'yan garinsu suka kafa bukkokin tabarma.

Mijina Isaka mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, yana koyar da yara da safe, da yamma kuma shi ke shirya wa samariya, ƙungiyar matasan unguwarmu, waƙoƙi. Ni Halimatou, 'yar Tahoua ce, ɗinki nake yi a gida. Ba na cikin matan da ke kuka da zuwan uwar miji. Na yi murna ƙwarai, na share mata ɗakin da nake ajiye keken ɗinki, na ɗinka mata zannuwa, na hana ta taɓa ko tsinke. In ta ɗauki tsintsiya in karɓe. In ta nufi randa in riga ta. Hatsi a inji muke niƙawa, shinkafar gonakin Saga kuwa a gyare take zuwa, ba ta bukatar kowa ya daka ta. Haka aka koya mini girmama manya a gidanmu, haka kuma na yi.

Sai dai akwai wani abu tsakanin Inna da ɗanta da ban taɓa ganin mai tsananinsa ba. Isaka ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ba, ba ta zama inda yake zaune. A wajen kakarsa ya tashi, dangar kara kawai ke tsakanin gidajen biyu. Ko a Tahoua muna da kunyar ɗan fari, amma tamu in tsufa ya zo takan yi sauƙi. Ta Inna kuwa tsufa ƙara mata kauri ya yi. In ya gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta juya fuska ga bango ta amsa wa bangon. In tana da magana, ni za ta kira.

"Ke, ce ma wancan ya rage shan taba."

"Inna, ai ga shi nan, yana jin ki."

"To, ba da shi nike ba. Da ke nike."

Na zama ɗan aike tsakanin uwa da ɗa, alhali su biyun tsakar gida ɗaya suke. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi, har in ce da Isaka ya nemi wani masinja, ni ɗinki ya yi mini yawa.

Wata da watanni Inna tana zaune a gindin bango tana jan carbi. Tuwo ta ci loma biyu ta ture. Tarin ya yi sauƙi da maganin likita, amma jikin ya ƙi cikowa. Ana nan bazara ta kama, gulbi ya janye har yara suna taka shi su ƙetare, sai rediyo ya ce gwamnatin soja za ta ba da motoci da irin shuka, duk wanda fari ya koro ya koma garinsu ya jira ruwa. Lokacin in soja ya ce a tashi, ba a tambayar ina za a. Amma Inna ba ta cikin waɗanda dole ta hau kansu, tunda a gidan ɗanta take. Duk da haka, ranar da Abdulaye ya zo ya faɗa mata, tun kafin ya kai ƙofa ta jawo ƙunshinta ta soma ninke zannuwa.

Na ce, "Inna, wa kika bari can? Rijiya ba ruwa, rumbu ba hatsi, ke ba lafiya ba."

Ta ce, "Gonar malam tana nan," tana nufin marigayi mijinta.

"Wa zai nome ta?"

"Allah shina nan."

Duk wanda ya ga Inna a lokacin ya san in ta hau motar nan ba za ta ga kaka ba. Isaka ya sani. Ya turo limamin unguwa, ta saurare shi da ladabi ta ci gaba da ninki. Ya turo ni har bakina ya gaji. Shi da kansa ya durƙusa a bakin ƙofarta ya soma magana, tana jin muryarsa ta tashi ta zagaya bayan gida ta tsaya a rana har sai da ya bar wurin. Da ya shigo ɗaki na ga idonsa ya yi ja. Na tausaya masa ƙwarai, domin mutum ne da ke sa yara cike da aji su yi tsit da kalma ɗaya, ga shi ya rasa hanyar gaya wa uwarsa ta zauna.

A nan ne ya ba ni labarin waƙar. Ya ce yana yaro, in Inna tana dakan fura da ƙanwarta, akwai waƙar da take yi, ba ta wuce baki biyu ba. Inna ta ce, "Na daka hura, wa ka sha?" Ƙanwar ta amsa, "Wanda ba a kira shi ka sha." Kowa a ƙauyen ya san da wa ake. Shi ma ya sani, yakan maƙale a jikin danga yana saurare, in an gama a aiko masa da fura cikin ƙoƙo. Ƙanwar ta daɗe da rasuwa. Ya ce duk tsawon rayuwarsa wannan ce kaɗai maganar da uwarsa ta taɓa yi masa.

"Da waƙa ta yi mini magana," in ji shi, "da waƙa zan mayar mata."

Ya ɗauki baki biyun nan ya kai gidan samariya. Abin da ya yi da su sai wanda ya ji. Ya sa gita biyu, ya sa kalangu, ya sa gurmi da ƙwarya, ya nemo wani mai algaita daga Zongo. Ya raba 'yan mata kashi-kashi, waɗannan su ɗauka sama, waɗancan su tare su daga ƙasa. Kiɗan ya fara a hankali, ya juya, ya sake juyawa, a tsakiya ya koma salon Zabarmawa, sannan ya dawo gida. Ya ƙara baitoci a kan fari, da shanun da suka mutu, da uwa wadda ita ce inuwar gida. Ya daina cin abinci a kan lokaci. Ko a kan tabarma yake, yatsunsa suna kaɗa gwiwa.

Abokinsa Oumarou, direban taksi ne kuma shi ke kaɗa babbar gita, bai yarda da aikin ba ko kaɗan. Kullum bayan gwaji sai su zauna a ƙofar gida su dasa musu, ni kuwa ina jin su ta taga ina taka keke.

"Mushe, ka lulluɓe waƙar nan har ba a ganin fuskarta," in ji Oumarou. "Waƙar kirki ita ce wadda mai tallan goro zai ji sau ɗaya ya tafi da ita."

"Wannan ba waƙa ba ce, talla ce. Baki biyu iri ne, Oumarou. Iri ba a cin shi haka, shuka shi ake yi ya yi zangarniya."

"To kai ka shuka, ka kuma shuka a kan shukar, har gona ta rasa iska."

"Kai dai ka ce juyi na uku ne ke ba ka wuya."

"Ni? Ni da nake kaɗa gita tun kana koyon a-be-se?"

Haka za su yi ta yi har shayi ya huce. Isaka ya ce ƙwarewa ita ce girmamawa, ba za ka je gaban uwarka da abin da kowane yaro zai iya ba. Oumarou ya ce abin da ya fito daga zuciya ba ya bukatar algaita ta rako shi. Kowannensu yana magana kamar shi ya ƙago waƙa a duniya. Na leƙa na ce musu su dai yi sauri, domin mota ba za ta jira a gama musu ba.

Ranar wasan samariya, bayan la'asar, na sha fama kafin Inna ta yarda ta bi ni. Sai da na ce mata kunya zan ji in tafi ni kaɗai cikin maza. Muka zauna a bayan mata. Fili ya cika, har da wani kaftin na soja a kujerar gaba da baƙin tabarau. Da aka zo kan waƙar Isaka, gurmi ya fara shi kaɗai, ƙwarya ta shigo, sannan 'yan mata suka ɗauka.

Zan faɗi gaskiya, ko Oumarou zai ji haushi: waƙar ta yi kyau. Ban taɓa jin irinta ba. Inda muryoyin suka rabu suka sake haɗuwa sai da tsigar jikina ta tashi. 'Yan mata na sama suka ce, "Na daka hura, wa ka sha?" Kafin su rufe baki na ƙasa sun amsa, algaita ta ɗora, kalangu ya cike abin da ya rage. Matan bukkoki da suka zo kallo suna ta share hawaye da bakin zane. Ni ma na yi kuka. Kaftin ɗin nan ya cire tabarau ya yi tafi, mutane suka ce a sake.

Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ba ta motsa ba har aka gama. A hanya na kasa haƙuri.

"Inna, kin ji waƙar?"

"Na jiya."

"Kin gane ta?"

"Mi za ya hana in gane ta?" Ta yi 'yan taku tana tari. "Sun iya, ɗiyata. Mutane da yawa haka, ba wanda ya taka ƙahwar wani. Wanga aiki ba ƙarami ba ne. Waƙa ta cika, ba inda mutum za ya sa baki."

Yabo take yi, har zuciyarta. Na ga alfahari a idonta, ko da yake yanka ta za a yi ba za ta ce ɗanta ne ya yi ba. Muna isa gida ta shiga ɗaki ta ƙara ɗaure bakin ƙunshinta.

Na gaya wa Isaka abin da ta ce. Oumarou ne ya samu bakin magana. Washegari ya zo tun bai fita aiki ba, yana ta hura hanci.

"Ban gaya maka ba? Cire mata kayan nan duka. Kai da gurmi kawai, baki biyu, yadda Allah ya yi ta."

Isaka ya kai matsayin da ko cewa aka yi ya tsaya da ka zai tsaya. Da yamma ya ɗauki gurmi, ya zauna a tsakar gida, ya ba ɗakin Inna baya don kada ya takura ta. Ya yi waƙar tsurarta, a hankali. Ya ce, "Na daka hura, wa ka sha?" Ya amsa wa kansa, "Wanda ba a kira shi ka sha." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Muryarsa tana da daɗi, kuma abin daga zuciya ya fito, wannan ni shaida ce. Oumarou yana daga zaure yana gyaɗa kai, shi a dole ya ci musu.

Inna ta fito da buta a hannu, ta bi ta gefen bango, ta zagaya bayan gida. Ba ta dawo ba sai da gurmin ya yi shiru.

Na ce da Oumarou, "To, malamin waƙa, sai kuma me?" Ya sosa ƙeya ya ce yana da fasinja a Zongo. Tun daga ranar musun ƙofar gida ya mutu. Mai yawa ba ta yi ba, marar yawa ba ta yi ba, aka rasa wanda zai yi wa wani dariya.

Abdulaye ya aiko cewa motocin garinsu gobe da hantsi za su tashi. Na haƙura. Na ce tunda ba zan iya tsayar da ita ba, ba za ta hau motar soja da ciki wayam ba. Tafiyar Dakoro ba ta nan kusa ba ce, kuma guzurin tsohuwa mai tari bai wuce fura ba. Na shiga kasuwar Lazaret na nemo gero na gaske, ba jar dawar taimako da ake rabawa ba, na samo citta da kanumfari. Fura kuwa inji ba ya gama ta, dole sai turmi. Namu ya daɗe da tsagewa, na mai da shi mazaunin kaji. Na shiga gidan maƙwabciyata Mariama, Bazabarma, na aro nata. Ta haɗo mini da taɓare biyu, ta ce in zaɓi wadda hannuna ya fi so.

Da sassafe na surfa geron, na wanke, na baza ya sha iska, sannan na zuba a turmi na soma daka. Isaka bai tafi lakwal ba. Yana cikin ɗaki, labule a sake, ya ce ba zai iya ganin fitarta ba. Inna tana bakin ƙofarta a kan tabarma, ta yi shirin tafiya, ƙunshi a gefenta.

Rabona da taɓarya tun ina budurwa, ko a lokacin ma ba a yabe ni ba. Hannun da ya saba da almakashi ne. In buga nan, in buga can, gero yana tsalle yana fita, kaji suna godiya. In yi uku da sauri in tsaya in huta. Ina jin Inna tana tsaki ƙasa-ƙasa. Can ta ce, "Tsakiya, ɗiyata. Tsakiya aka bugu." Na ce to, na buga gefe. Ba da gangan ba, iyakar iyawata ke nan.

Sai ganin ta na yi ta miƙe, ta kwance mayafi ta ɗaure ƙugu da shi, ta ɗauki taɓarya ta biyu da ke jingine da bango. Bakina ya buɗe zan ce Inna ki bari, yadda na saba. Ta dube ni duba ɗaya, na haɗiye maganar.

Ta tsaya gabana, turmi a tsakaninmu. Ta ce in na ɗaga ita ta sauke, in ta ɗaga ni in sauke, kada in dubi hannuna, in saurari nata. Da farko taɓarenmu suka yi ta karo. Daga baya abin ya zauna. Tata ta sauka, tawa ta sauka, tata, tawa, har na daina tunani. Matar da loma biyu ke ƙosar da ita, ga ta tana ɗaga icen da ni nake nishi a ƙarƙashinsa. Gumi ya keto mata. Ƙamshin gero da citta ya cika gidan.

Ban san lokacin da ta fara ba. Muryar ƙasa-ƙasa ce, a shaƙe, ba ta fi ƙarar turmin ba.

"Na daka hura, wa ka sha?"

Ta yi shiru, taɓare suka ci gaba. Wurin amshi ne, na sani, na kuma san kalmomin. Amma ni surukarta ce, kuma maganar a kan mijina take. Kunya ta kama ni, na kafe ido a turmi. Wurin ya wuce ba kowa a cikinsa, sai bugu huɗu na ice. Ta sake zagayowa.

"Na daka hura, wa ka sha?"

Shiru kuma. Na ji zuciyata ta karye, domin na gane wadda take jira ta amsa ta daɗe a ƙasa. Ta sake yi karo na uku, muryar ta ƙara yin ƙasa, irin ta wanda zai bari.

Daga bayan labule aka ce, "Wanda ba a kira shi ka sha."

Muryar namiji, ƙato, mushen lakwal, yana amshin waƙar dakan mata. Da a wani gida na ji da na yi dariya har na faɗi. Ya shigo a makare, ya kuma ɗauke ta sama da yawa, shi da ke korar yarinya daga gwaji in ta kauce da ƙiris. Na saci kallon Inna, ina jiran ta ajiye taɓarya ta zagaya bayan gida. Ta ɗaga icen ya kai sama. Sannan ta sauke shi daidai tsakiya.

"Na daka hura, wa ka sha?"

"Wanda ba a kira shi ka sha."

Ba ta dubi labulen ba, shi ma bai ɗaga shi ba. A wajenta waƙar daka ce kawai, kuma mai daka ba ta zaɓar mai amsa mata. Da ta ga amshin ya tsaya da ƙafarsa, sai ta soma sako wasu baitoci da ban taɓa ji ba, Isaka ma daga baya ya ce bai taɓa ji ba. Nan take take ƙulla su, kowanne daidai tsawon bugu huɗu.

"Saniya ta kwanta, ba ta tashi ba."

"Wanda ba a kira shi ka sha."

"Malam ya kwanta, bai tashi ba."

"Wanda ba a kira shi ka sha."

"Na zo birni, an aje ni kamar tulu."

Nan kunnuwana suka yi zafi, amma ban saki taɓarya ba.

"Gida ya cika, ina ni ka tsayawa?"

Amshin ya zo, amma da kyar. Duk abin da ta ƙi gaya wa liman, ta ƙi gaya mini, ga shi tana zubawa a turmi, ɗanta yana karɓa da baki ɗaya tak da bai canja ba. Mariama ta leƙo ta kan katanga ta ga abin da ake, ta koma abinta. Gari ya yi laushi, ya kamata a tsaya a tankaɗe, ba wadda ta tsaya.

Sannan Inna ta ce, "In na tahi, wa ka dakawa?"

Taɓare suka sauka, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba amshi. Ta maimaita. Daga bayan labule ba abin da ke fitowa sai wani sauti da na sani, na mutum ya toshe baki da hannu. Ban taɓa jin Isaka yana kuka ba, ko da labarin rasuwar mahaifinsa ya zo. Inna ta sauke taɓaryarta cikin turmi ta bar ta a tsaye, ta riƙe ta da hannu biyu, tana numfashi. Ni ma na tsaya.

Ana cikin haka aka yi sallama. Abdulaye ne, da sandarsa da buhunsa a kafaɗa, yana haki.

"Tabawa, taso. An soma loda mutane. Sojan ya ce wanda bai zo ba shi ya sani."

Inna ba ta juya ba. Ta sa hannu cikin turmi ta ɗebo garin, ta murza shi tsakanin yatsu, ta duba.

"Ban ƙare ba," ta ce.

"Mi ne ba ki ƙare ba?"

"Kana gani. Ba a tankaɗe ba, ba a dahwa ba, ba a kirɓa ba."

"Tabawa, motar soji ba ta jiran hura."

"To, ta tahi. Ni ban taɓa barin aiki rabi cikin turmi ba, ba kuwa yau za ni hwarawa ba." Ta kakkaɓe hannu. "In kun isa ka duba min gonar malam. In ruwa ya sauka ka shuka ta, abin da Allah ya ba da naka ne."

Abdulaye ya dube ni, na dube shi. Ya ce Allah ya sada mu da alheri, muka ce amin, ya juya da sauri don kada a bar shi. Ina jin ƙarar takalmansa har ya fita zaure.

Na zauna a kan turmin kaji. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya ce ki zamna? Tashi ki ɗauko rariya. Kuma daga yau kada in sake jin an kai hatsin gidan ga inji, garin nan nasu ƙarhe yake wari."

Na ce, "To, Inna."

Ta gyara ɗaurin ƙugunta, ta kama taɓarya, ta juya wa labulen baya sosai. Sannan ta rage murya, amma ba yadda na cikin ɗaki zai kasa ji ba.

"Ke, ce ma wancan ya hyace hancinai. Shina ɓata min amshi."